Muhawara: Wayar hannu ce ta ɗaukaka kafkek, ko kuwa a sama ta tarar da shi?

Maman Iman, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma na san a wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin tarihin abin. Shekara bakwai ke nan ina gasa kek a gida ina sayarwa, kuma mafi yawan odar da nake samu ta kafkek ce, wato ƙananan kek ɗin nan da ake gasawa a cikin takarda mai ninki, sannan a murɗa musu kirim a kai. Abin da na lura da shi shi ne, da wuya mai saye ta fara yi mini maganar ɗanɗano. Hoto take turowa daga Instagram ko TikTok, ta ce irin wannan take so, da wannan launin, da wannan furen. Jiya wata baiwar Allah ta yi odar guda sittin na walimar saukar 'yarta, muka shafe kusan rabin awa a kan launin kirim, amma da na tambaye ta ko na banila take so ko na cakulan, sai ta ce in yi wanda ya sauwaƙa. Shin kafofin sada zumunta ne suka ƙirƙiro wannan kasuwa tun daga tushe, ko kuwa kafkek yana da nasa tarihin kafin wayar hannu?

Yaya Hadiza, New York

Wa alaikumus salam, Maman Iman. Zan faɗi abin da na sani, tunda a garin da nake zaune abin ya fara tashe. Shi kansa kek ɗin tsoho ne ƙwarai a Amurka. Tun a 1796 wata mata mai suna Amelia Simmons ta rubuta yadda ake gasa kek mara nauyi a cikin ƙananan kofuna, kuma a 1828 sunan ya fito a littafin girke-girke na Eliza Leslie. Sauƙi ne ya kawo shi, domin a murhun itace babban kek yana daɗewa a wuta, har gefensa ya ƙone cikinsa bai nuna ba, alhali ƙarami yana gasuwa da wuri. Shekaru masu yawa bayan haka ana kallonsa a matsayin abincin yara: uwa ta gasa ta kai ajin ɗanta ranar zagayowar haihuwarsa, ko a sayar a harabar makaranta domin tara kuɗin wata hidima. Wannan al'ada ta yi ƙarfin da, lokacin da makarantu suka fara hana kayan zaƙi saboda ƙibar yara, sai da majalisar jihar Texas ta yi doka a 2005 wadda ta tabbatar wa iyaye damar kawo shi ranar bikin haihuwa.

Abin da ya fitar da shi daga aji ya kai shi hannun manya ya faro ne daga wani ɗan shago mai suna Magnolia Bakery, wanda aka buɗe a 1996 a titin Bleecker. Masu shagon sun fara yin kafkek ne da ragowar kwaɓin manyan kek domin kada ya lalace. A shekarar 2000 aka nuna wasu mata biyu a wani shahararren shirin talabijin suna zaune a ƙofar shagon suna cin sa, kuma wannan ɗan gajeren wurin ya isa ya sa motocin 'yan yawon buɗe ido suka riƙa tsayawa a unguwar, layi ya riƙa zagaye kwana. Daga nan sai shagon kafkek na Crumbs ya buɗe a nan New York a 2003, sai Sprinkles a Beverly Hills ta jihar Kalifoniya a 2005, wanda Candace Nelson ta kafa bayan ta bar aikin banki, a lokacin ba ta sayar da komai sai kafkek. A 2008 wasu 'yan uwa mata biyu suka buɗe Georgetown Cupcake a birnin Washington, kuma a 2010 aka fara shirin talabijin a kansu. Ki duba waɗannan shekaru da kyau, za ki ga duk sun riga Instagram.

Malam Auwal, Kano

Hajiya Hadiza ta taɓo ainihin wurin. An buɗe Instagram a watan Oktoba na 2010, Pinterest ma a wannan shekarar ta fito, kuma a lokacin kafkek ya riga ya shekara goma yana tashe a Amurka. Saboda haka duk wanda ya ce kafofin sada zumunta ne suka haife shi ya sa keke a gaban doki. Talabijin ce ta ɗaga shi, sannan shafukan masu girki na intanet suka riƙe shi, sannan tattalin arziki ya taimaka masa ta hanyar da ba a zata ba. Bayan rikicin kuɗi na 2008 mutane da yawa sun rasa aiki, kuma wanda ba ya iya fita cin abinci a babban gidan abinci yana iya ba da dala uku ko huɗu ya sayi ɗan abu mai kyau a cikin kwali mai kyau, ya ji ya kyautata wa kansa. Su kuma waɗanda aka sallama daga ofisoshi sun ga sana'ar da jarinta bai da yawa, domin fulawa ce da sukari da bota da ƙwai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, a matsayina na mai koyar da kasuwanci, shi ne ƙarshen Crumbs. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2011, daidai lokacin da hotunan kafkek suka cika intanet, amma a watan Yuli na 2014 ya rufe dukkan shagunansa, kusan hamsin, a rana ɗaya. Hannun jarin da ya taɓa haura dala 13 ya faɗo ƙasa da dala ɗaya. Idan da yawan hotuna shi ne yawan ciniki, da wannan kamfani bai durƙushe ba.

Anti Rabi, Abuja

Malam, na yarda da tarihin da ka kawo, amma ban yarda da hukuncin da ka yanke a kansa ba. Durƙushewar Crumbs ba ta nuna cewa hoto ba ya kawo ciniki. Abin da ta nuna shi ne hoto ya ɗauke cinikin daga hannun kamfani mai biyan hayar shago a tsakiyar birni, ya rarraba shi ga dubban mata masu gasawa a kicin ɗinsu. Kafkek abu ne da kowa zai iya koya a mako guda, kuma da zarar bidiyon koyarwa ya cika YouTube, ba sauran sirrin da kamfani zai riƙe ya sayar da tsada. Ni ban taɓa taka ƙasar Amurka ba, ban kuma taɓa ganin shirin da Yaya Hadiza take magana a kai ba, amma a waya na koyi yadda ake riƙe ledar matsa kirim, a waya na ga bakin matsawar da ke fitar da fure a matsi ɗaya, kuma a waya nake samun duk mai saye. Ga wanda yake New York, Instagram ta tarar da kafkek a sama. Ga ni da Maman Iman, ita ce ta kawo mana shi har gida.

Kuma akwai dalilin da ya sa shi ne ya dace da waya fiye da sauran kayan gashi. A farkon shekarunta Instagram hoto mai kusurwa huɗu daidai kawai take karɓa, shi kuwa kafkek da'ira ne da ke zama cif a tsakiyar hoton idan an ɗauka daga sama. Babban kek sai an yanka shi kafin a ci, kuma da an yanka kyawunsa ya tafi, amma wannan kowa yana riƙe da nasa cikakke. Sannan samansa fili ne da za a zana duk abin da aka ga dama: tutar ƙasa, launin ƙungiyar ƙwallo, sunan amarya, hular kammala karatu. A Amurka har sun mai da shi hanyar sanar da jinsin jaririn da ake jira, a ɓoye kirim shuɗi ko ruwan hoda a cikinsa, a ɗauki bidiyon lokacin da aka gutsura.

Malam Auwal, Kano

Wannan gyara ne mai kyau, Hajiya, kuma na karɓe shi. Sai dai ina roƙon ki duba ɗaya gefen. Sauƙin shiga da ya buɗe miki ƙofa shi ne ya buɗe wa duk wadda ta zo bayanki, kuma sana'ar da ba ta da katanga ribarta ba ta daɗewa. Ina so in ji daga bakinku masu yi: tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, da fulawa da sukari da ƙwai da gas suka tashi, kun iya ƙara farashi daidai da tashin kayan, ko kuwa tsoron kada mai saye ta koma wani shafin ya sa kuna cinye ribarku?

Maman Iman, Kaduna

Malam, gaskiyar magana ita ce ba mu iya ba. Na ƙara farashi, amma ban ƙara daidai da kasuwa ba, domin kwastoma tana ganin shafuka goma a lokaci ɗaya, kuma a hoto ba a bambance kirim ɗin da aka yi da bota mai kyau da wanda aka yi da mai araha aka cika masa sukari. Akwai kuma kuɗin da ba a gani: kwalin mai tagar leda, da ribon, da sitika mai sunan shafi, da kuɗin data, da mai babur ɗin da zai kai. Wani lokaci kwalliyar kwalin tana kusan kamo kuɗin abin da ke cikinsa. Ga zafi kuma. Kirim ɗin bota an tsara shi ne a ƙasar sanyi, kuma a watan Afrilu a Kaduna, idan wuta ta ɗauke firji ya huce, furen da na ɓata awa biyu ina matsawa yana iya kwantawa kafin mai babur ya isa. Na taɓa mayar da kuɗin oda guda arba'in saboda haka, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kek ɗin kansa lafiyarsa ƙalau.

Hajiya Binta, Kano

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma jikata ce take taya ni bugawa. Ina so in tuna muku cewa ƙaramin kek ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tun muna 'yan mata ake yin kek na gwangwani idan za a kai gara ko idan salla ta gabato. Ba mu da obin, sai mu zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, mu ɗora a kan garwashi, mu shafa wa gwangwanaye mai, mu zuba kwaɓin, mu rufe da faranti mu zuba wani garwashin a kai. Yana fitowa ja, da ƙamshin bota, ba kirim ba launi, kuma yana kwana da yawa bai lalace ba, shi ya sa ake iya cika bokiti da shi a kai gidan miji tare da alkaki da nakiya da dubulan da cincin. Ko farantin nan mai ramuka da kuke gasawa a ciki, duk wadda ta taɓa soya waina a tanda ta san siffarsa.

Don haka a ganina abin da waya ta kawo muku hular ce, jikin kuwa mun daɗe da shi. Ban ƙi hular ba, domin na ga yadda yara ke murna da ita, kuma na ga yarinyar maƙwabtanmu da ta biya wa kanta kuɗin makaranta da wannan sana'a ba tare da ta fita daga gidan iyayenta ba. Abin da yake damuna shi ne, a unguwarmu yanzu matan da suka iya alkaki tun daga surfen alkama har zuwa tsoma shi a zuma ko sukari ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukkanmu mun manyanta. Alkaki yana cin kwanaki kafin ya haɗu, ba a koyon sa a bidiyon minti ɗaya, sai an zauna kusa da mai yi an ga yadda take murɗa shi.

Anti Rabi, Abuja

Allah ya ƙara girma, Hajiya. Maganarki ta hula da jiki ta shige ni. Amma ina da albishir kaɗan: a shekarun nan na ga shafuka da dama na mata masu kayan gara, suna jera alkaki da dubulan a kwali mai kyau kamar yadda muke jera kafkek, kuma suna samun oda daga garuruwa masu nisa. Dabarar ɗaukar hoto da shirya kwali da muka koya a kan kek ita ce suke amfani da ita. Idan za ki yarda jikarki ta ɗauki bidiyonki kina yin alkaki daga farko har ƙarshe, ko da zai kai kashi biyar, ni ce ta farko da za ta zauna ta kalla.

Zeinabu, Yamai

Ina gaishe da iyaye da yayye. A nan Nijar mun gaji gashin Faransa, don haka abin da muka taso muka sani shi ne gato da madelen da kuruwasan a shagunan burodi. Su Faransawa suna alfahari da kwaɓi da gashi, kuma ba su saba da tulin kirim mai zaƙi a kan kek ba. Duk da haka kafkek ya shigo, da sunansa na Ingilishi, kuma ta waya ya shigo, domin 'yan matan da ke yin sa a nan shafukan Najeriya da na ƙasashen Larabawa suke bi. Wannan ya ƙarfafa maganar Anti Rabi, domin ba wani kamfanin Amurka da ya buɗe reshe a Yamai, amma abin ya iso.

Yaya Hadiza, New York

Haka ya faru a Ingila ma, Zeinabu. Suna da nasu ƙaramin kek na gargajiya mai ɗan siririn aisin, wato shafen sukari a kai, wanda ake ci da shayi, amma da aka buɗe Hummingbird Bakery a Landan a 2004 da salon Amurka, sai mai tulin kirim ya mamaye. Shi ma jan kek ɗin nan da ake kira red belbet ta wannan hanya ya zagaya duniya, kuma launinsa ne ya yi masa talla. Sprinkles har na'ura suka kafa a 2012, mai kama da ta cirar kuɗi, wadda take miƙo kafkek a kwali ko da tsakar dare ne, kuma mutane da yawa sun je ne domin a ɗauke su bidiyo a gabanta. A nan dai yanzu zancen ya lafa. A 2013 hankali ya koma kan kronat, wani haɗin kuruwasan da donot na mai gashi Dominique Ansel, daga baya aka yi yayin wasu abubuwan, har zuwa cakulan ɗin Dubai da TikTok ta ɗaga a 2024. Ko Magnolia ɗin da ta fara komai, yau an fi yin layi a kan wani haɗin ayaba da kirim da take sayarwa. Amma kafkek bai ɓace ba, yana nan a kowane babban kanti da kowane bikin ofis, ya koma abin yau da kullum.

Sista Maryam, Zariya

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in ƙara abu ɗaya da ya shafi wannan hular da Hajiya ta ambata. Kirim ɗin bota irin na Amurka ba komai ba ne illa bota da garin sukari, kuma sukarin ya kan ninka botar a awo. Tsayin da ke sa hoto ya yi kyau shi ne yawan sukarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, wato kimanin giram 50 ga babba, kuma ta ce rage shi zuwa giram 25 ya fi. Babban kafkek ɗaya mai tulin kirim yana iya cinye mafi yawan wannan kason, balle ga yaro ɗan shekara biyar da za a ba shi da lemon kwalba. Sai kuma launi. A watan Janairu na 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta janye izinin amfani da wani jan launi da ake kira mai lamba 3 a cikin abinci. Ina roƙon masu sana'ar su riƙa sayen launin da ke da lambar NAFDAC da sunan abin da ke ciki, su guji wanda ake ƙullawa a leda ba suna. Ba ina cewa a daina ba ne, domin ni ma ina saya wa 'ya'yana ranar salla.

Malam Auwal, Kano

Maman Iman, tunda kin ce a hoto ba a bambance mai kyau da mara kyau, ina ganin mafitarki tana wurin kwastomar da ta riga ta ci naki. Wadda ta zo ta hanyar hoto za ta iya tafiya ta hanyar wani hoton, amma wadda baƙinta suka tambaye ta inda ta sayo ita ce za ta dawo. Nawa ne daga cikin masu sayenki suke dawowa karo na biyu?

Maman Iman, Kaduna

Ban taɓa ƙirgawa ba, Malam, amma yanzu da na buɗe littafin odata na duba watanni uku da suka wuce, fiye da rabi tsofaffin kwastomomi ne ko waɗanda suka turo, kuma ta WhatsApp suke zuwa kai tsaye ba tare da sun bi ta shafina ba. Na gode muku duka. Game da odar walimar nan ta ranar Asabar, na kira matar ɗazu na ba ta shawarar mu yi talatin da kirim a launin da ta zaɓa, amma in rage masa tsayi, sauran talatin kuma mu bar su ba kirim domin manyan da za su zo, ta kuma amince. Hajiya Binta, ina neman alfarma a wurinki: a kek ɗin gwangwanin da kuke yi, ƙwai nawa kuke fasa wa mudu ɗaya na fulawa, kuma kuna sa madara a kwaɓin ko bota da sukari kawai kuke bugawa?

Hajiya Binta, Kano

'Yata, ba da mudu za ki fara ba, ki fara da gwangwani huɗu na fulawa ki ga hannunki tukuna. Ki buga bota da sukari har sai sun yi fari kin daina jin ƙarar sukarin a ƙasan kwano, sannan ki riƙa fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya kina bugawa, kada ki zuba su gaba ɗaya. Madara kaɗan ake sawa, sai idan kwaɓin ya yi tauri. Ki turo lambarki ta akwatin jikata, gobe bayan azahar zan kira ki in faɗa miki sauran, domin awon bakar hoda sai da baki.